Rigunan Aro a Tudun Aduwa

Kwanan baya wani matashin direba a tashar Gashuwa ya ce mini, "Baba Sale, ai tuƙi ba sana'a ba ce, kowa ya zauna bayan sitiyari kwana biyu zai iya." Na dube shi, na dubi motarsa mai canja giya da kanta, na dubi kwaltar da aka shimfiɗa masa kamar tabarma, na ce Allah ya shirya. Ban yi masa gardama ba, domin ciwon baya bai bar ni in tsaya dogon musu ba. Amma tunda ku yaran yanzu haka kuka ɗauki abin, bari in ba ku labarin tuƙin da muka yi lokacin da hanyar Machina ba ta da komai sai yashi da sawun raƙuma.

A Nguru na koyi aiki, a hannun wani dattijo da ake kira Baba Gana, wanda ya tuƙa Di'o, Baturen gunduma, tun zamanin Turawan mulki. Mutum ne mai ƙarancin magana da saurin ranƙwashi. Na daɗe ina wanke mota da ɗaura kaya kafin ya bar ni in taɓa sitiyari, kuma ranar da ya bar ni, kai tsaye ya kai ni jigawa ya sa na kafe. Ya sauka ya zauna a inuwa yana cin goro, ni kuwa na yi ta haƙa har hannuna ya yi kanta. Da na gaji ya taso ya sassauta wa tayoyin iska har suka yi tumbi, ya shiga, ya ɗaga ta a hankali kamar mai tashin jariri daga barci. A wurinsa na san cewa yashin safe ya fi na rana tauri, cewa ba a taka birki a cikinsa, kuma in taya ta fara juyawa wuri ɗaya, ka ɗauke ƙafarka nan take, in ba haka ba kabarin motar kake haƙawa. In tsayawa ta kama dole, ka tsaya hancin mota na kallon gangare.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma wanda ya manta ɗaya zai yi bayani. Shebur, jak da katakon da za a ɗora shi a kai, famfon iska na hannu, falankin ƙarfe biyu da ake sa wa taya a ƙarƙashi, igiya, kayan faci, fanbel na ajiya, da jarkar ruwa wadda ba ta sha ba ce, ta lagireto ce. Ni har sabulun wanki nake ajiyewa, don in tanki ya tsage a daji, shi ake murzawa a toshe. Ku yau in mota ta yi tari sai ku ciro waya ku kira makanike. Mu wa za mu kira, ungulu?

Baba Gana ya sha ba ni labarin rangadi. Ya ce in Di'o zai fita, tun kafin ya iso an share hanya, an tara itace da ruwa da ƙwai, an ɗaure rago. Bulama, wato mai gari, in tarbarsa ta gaza, rawaninsa na iya tafiya, ko da kuwa garin ba a kwana da abinci. Ya ce shi ya ga wanda aka tuɓe a gaban jama'arsa don ƙwan da ya kawo sun lalace. Turawan mulki sun naɗe tutarsu sun tafi ina yaro, amma ban jima da zama direba ba na ga sun dawo da irin gajeren wandon nan nasu, sai dai yanzu sunansu masana. Wannan ya zo auna kogi, wancan ya zo ƙirga shanu, wani ya zo duba ko mun cancanci rance. Abin da za a yi da ruwanmu da gonarmu a can garinsu ake yanke shi, mu namu mu kai su su gani ta tagar mota. Na tuƙa su da yawa, wasu mutanen kirki ne ƙwarai, wasu kuwa ko sunana ba su tambaya ba har muka rabu.

Shekarar da ba zan manta ba ita ce ta farin nan na tamanin da huɗu. Damina ta zo kamar da wasa ta ɗauke, gero ya bushe yana tsaye, shanu suka yi ta faɗuwa a bakin hanya. Kafin bazara ta kama, kasuwar Nguru ta cika da mutanen ƙauye masu sayar da ƙofofin ɗakinsu da tasoshin matansu. Gari in ya kai nan, watsewa yake yi, kuma garin da ya watse da wuya ya sake haɗuwa.

A lokacin ina tuƙa jif ɗin wata ƙungiyar agaji ta Turawa. Baturen da aka haɗa ni da shi muna kiransa Tafasau, domin ko ruwan famfo ne sai an tafasa masa kafin ya sha. Tare da mu akwai Oga Bitrus, ma'aikacin ofishin gona, Kirista ne daga wajen Filato, ya daɗe a ƙasar nan, shi ke yi mana tafinta. Aikin Tafasau shi ne ya zaga ƙauyuka ya zaɓi waɗanda za a kai wa hatsi, domin manyan motocin da aka ba shi ba su kai yawan garuruwan da ke cikin yunwa ba. Wanda ya zaɓa ya ci, wanda ya tsallake sai dai Allah ya ji ƙansa.

Tafasau ba ya ɓoye magana. Wata rana a hanya Oga Bitrus ya yi masa godiya a kan hatsin, sai ya yi dariya ya ce a rage godiyar. Ya ce rarar gonakin ƙasarsu ce da ta rasa masaya, kuma gwamnatinsu tana bayarwa ne inda take son a san da ita. Ga wasu Turawan suna rabo a hayin iyaka, nasu ba sa son a bar su a baya. Ya ce majalisar ƙasarsu ba ta sakin ko buhu ɗaya sai ta ga hoto, shi ya sa kyamara ba ta barin wuyansa. Ni dai na riƙe sitiyarina, na ce a raina ko don me aka bayar, ciki ba ya tambaya.

Tudun Aduwa ƙauye ne na Mangawa, arewa da Nguru, ka bar hanyar Machina ka yi gabas. An aika musu cewa Bature na zuwa. Tun daga nesa na ga an share hanya an jera duwatsu gefe da gefe, sai na tuna labarin rangadin Baba Gana. Muna isa sai ga maza a jere cikin manyan riguna masu aiki, sun sha guga, Bulama Modu a gaba da rawaninsa, tsoho dogo mai farin gemu. "Wushe, wushe! Lale marhabin!" Aka shimfiɗa darduma a ƙarƙashin rumfa, aka kawo ruwa, aka kawo shinkafa tana turiri da naman rago a kai, har da ƙwai dafaffe a kwano.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Duk ƙauyen da muka shiga, kafin in kashe mota yara sun yanyame ta, suna leƙa madubi suna shafa fitila. A Tudun Aduwa ko ɗaya ban gani ba. Na ɗauki jarka na ce zan nemi ruwan lagireto, na zaga bayan gidaje. Wata tsohuwa a bakin rijiya ta gaya mini komai ba tare da na matsa mata ba. Yaran an kulle su a cikin gida don kada su tsaya suna kallon bakin baƙo. Rigunan daga Machina aka aro su wurin wani ɗan kasuwa, shinkafar ma haka. Ragon kuwa shi ne dabba ta ƙarshe a garin. Ta ce gidaje da dama sun riga sun ɗaure kaya, jira suke baƙo ya tafi su kama hanya.

Na dawo na tarar Tafasau ya ci ya yi nak, yana share gumi. Ya sa Oga Bitrus ya tambayi Bulama yaya batun abinci a garin.

Bulama ya gyara zama ya ce, "Alhamdulillahi. Muna cikin rufin asirin Allah."

"Ranka ya daɗe," in ji Oga Bitrus, ya rage murya, "mutumin nan hatsi ya zo rabawa. Ka faɗa masa yadda ake ciki."

"Na ji, ɗana. Ka ce masa mun gode da ziyara. Ya ƙara nama."

Oga Bitrus ya juya ya yi wa Tafasau bayani da Turanci, ya ce al'ada ce, mutanen nan ba sa nuna wa baƙo yunwarsu. Tafasau ya saurara da kyau, sannan ya ce ya yarda da shi, amma jiya ya ga garin da ake cin ganye, yau ga garin da ya ba shi rago. In ya ba wannan ya hana wancan, me zai ce wa na sama da shi? Ban ga laifinsa ba. Wanda ya ga abin da ya gani a rumfar nan, haka zai ce.

Ina duba tayoyi za mu tashi sai na ji mutum a bayana. Bulama ne, shi kaɗai.

"Direba, ɗana, ta ina za ku fita?"

"Ta inda muka shigo, Baba."

"Akwai hanya ta bayan gari, ta wajen rumbuna."

Na ce, "Baba, jigawar can da tsakar rana ko raƙumi sai ya yi shawara kafin ya shiga."

"Na sani," in ji shi. Ya dubi ƙasa. "Ubana ya tarbi Bature a rumfar nan, kakana ma haka. Ban san wata tarba ba sai wannan. Bakina ba zai iya ba, ɗana."

Ya juya ya tafi abinsa.

To, a nan ne sana'a take, ku masu cewa sitiyari ne da totur. Dokar ƙungiyar ita ce direban da ya bar hanya ya jefa mota cikin matsala, a bakin aikinsa, kuma a shekarar nan wanda ya rasa aiki ya shiga layin masu sayar da ƙofa. Ban da haka, kafewa iri biyu ce. Akwai wadda mota za ta zauna da cikinta, kuloci ya ƙone, ku kwana biyu a daji. Akwai kuma wadda tayoyi za su nutse daidai misali, ta ƙi gaba ta ƙi baya, amma wanda ya san kanta zai fitar da ita lokacin da ya ga dama. Ta biyun nake nema, kuma ban taɓa gwada ta da gangan ba. Tsoro na ji, ba kaɗan ba.

Na ce wa Oga Bitrus hanyar baya ta fi kusa. Ya dube ni ta gefen ido, ya ce, "Kai ka san hanya, Malam Sale." Na bar tayoyin da iskarsu cike, na shiga jigawar da gudu daidai, na wuce tudun farko, na hango rumbuna a dama da gangare kaɗan a gaba. Nan na ɗauke ƙafa daga totur, na taɓa birki. Motar ta yi ajiyar zuciya ta zauna. Na ba ta wuta sau ɗaya don tayoyin baya su ɗan shige, na kashe. Da na so wucewa da na wuce, wannan ku rubuta ku ajiye.

Tafasau ya fito yana faɗa da yarensu. Rana kuwa ta take, yashin har ta cikin takalmi yana ƙuna. Can gefe wasu mata suna durƙushe da ƙore, suna tonon gidan tururuwa suna tace 'yan ƙwayoyin hatsin da tururuwar ta tara. Da suka gan mu suka ja mayafi suka juya baya.

Kafin a jima mazan gari suka iso da gudu-gudu don su tura mu, domin ba a barin motar baƙo a kafe. Sai dai rigunan da ke jikinsu na aro ne, ba wanda zai yarda ya mayar wa mai su da baƙin mai ko yagewa. Ɗaya bayan ɗaya suka tuɓe, suka ninke a hankali, suka rataya a reshen aduwa. Wallahi ni da na san abin da zan gani, sai da na kau da kai. Mutanen da ɗazu suka cika rumfa, ashe riga ce ta cika ta. Haƙarƙari a waje, wuya kamar na zakara, wando an ɗaure shi da igiya an ninka.

Suka dafa mota, na shiga na tayar. Jif ɗin da maza huɗu masu ƙoshi za su girgiza, mutum fiye da goma suka kasa motsa ta. Suka sake gwadawa. Wani ya zame ya zauna a yashi yana haki, wani ya dafa murfin baya ya sunkuyar da kai, ƙafafunsa na rawa. Tafasau ya daina faɗa. Ya taka zuwa rumbun da ya fi kusa, ya ɗaga murfin ya leƙa, ya je na biyu, ya je na uku. Ya dawo fuskarsa ta yi ja, ya ce wa Oga Bitrus, "Naman da na ci fa?" Oga Bitrus ya ce masa shi ne na ƙarshe.

Sai Tafasau ya kai hannu ga kyamara. Mazan nan suka daskare. Wasu suka rungume hannu a ƙirji, wani ya fara laluben rigarsa. Magidanta ne, masu surukai, masu 'ya'ya a gidan miji.

"Dakata."

Bulama ne ya iso yana dogara sanda. Ya ce wa Oga Bitrus, "Ka tambaye shi, ba ya gani da idonsa ba? Idonsa bai isa shaida a garinsu ba?"

Tafasau ya amsa a hankali, kansa a ƙasa. Oga Bitrus ya ce, "Ranka ya daɗe, ya ce bai isa ba. Ya ce ya yi hoton rumbu, amma rumbu ba ya sa su saki hatsi. Sai sun ga mutum."

Bulama ya dubi jama'arsa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya miƙa wa na kusa da shi sandar, ya warware rawaninsa, ya cire babbar riga, ya cire 'yar ciki. Ashe duk ya fi su ramewa. Ya taka ya tsaya a jikin rumbun da babu kowa kusa, ya miƙe ƙyam.

"Ka ce ya ɗauki nawa. Ni na kusa kabari, ba ni da surukin da zan ji wa kunya. Su a bar su."

Mazan suka juya baya gaba ɗaya, ba wanda ya ce su yi. Ni ma na juya. Ƙarar kyamarar kawai na ji, sau biyu.

Bayan nan na sassauta wa tayoyi iska, na share yashin gabansu da shebur, na zura falanki, na ce kowa ya matsa. Ta fita a tashin farko. Da muka yi nisa sai Tafasau ya ce wani abu, Oga Bitrus ya fassara yana danne murmushi: "Ya ce wannan dabarar, me ya hana ka yi ta tun farko?" Na ce, "Yallaɓai, yashi ne, sai yadda ya ga dama." Ya daɗe yana kallona ta madubi. Har muka rabu da shi bai kai ƙarata ofis ba.

Kwanakin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba, domin Tafasau ya aika da saƙonsa, amsa kuwa daga hayin teku za ta zo. Kullum na wuce kasuwar Nguru sai in duba fuskokin masu sayar da ƙofa, ina fargabar in ga wanda na sani. Har wata safiya Oga Bitrus ya same ni ina faci, ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam Sale, ajiye wannan. Kai za ka ja manyan motoci gobe, direbobin 'yan kudu ne, ba su san yashi ba." Na ce ina? Ya ce Tudun Aduwa. Na zauna a kan tayar nan na yi ta hamdala, hannuna duk gam.

Muka shiga garin da hantsi, ni a gaba, manyan motoci biyu a baya, buhuna kowanne da tutar ƙasarsu da rubutu ɓaro-ɓaro don kada a manta wanda ya bayar. Masara ce ja, irin wadda mata suka yi ta ƙorafin tuwonta ba ya ɗaurewa, amma ita ta riƙe garin har ruwa ya sauka aka yi shuka, ba gidan da ya tashi. Wannan karon tun kafin in kashe mota yara suka rufe ta, har wani ya karya mini madubi, ban ko ɗaga murya ba.

Bulama ya fito cikin wata tsohuwar riga tasa mai faci a kafaɗa. Bai dubi buhunan ba tukuna. Ya zagayo ta gefena, ya sunkuyo ta taga yadda ba wanda zai ji.

"Direba, ɗana, hoton nan. Ba za a kawo shi ƙasar nan ba ko?"

"Ba za a kawo ba, Baba. Can garinsu zai zauna."

"Ba wanda ya san ni a can?"

"Ko mutum ɗaya."

Ya lumshe ido ya sauke numfashi, ya ce, "Alhamdulillahi." Sannan ya miƙe ya juya wajen jama'arsa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "A sauke. A fara da gidajen masu jego."